Mai Kiwon Ƙoda

A shagon maganin gargajiya na mahaifinta ta fara ganinsa, tana ƙulla ganye a leda. Ta tambaye shi wa ke ciwo. Ya ce babu, ganyen na bincike ne, ƙwayoyin ƙoda yake kiwo a ɗakin gwaji. Ta yi dariya har ganyen ya zube, don ita kaji ta san ana kiwo.

Tun ranar take kiransa Makiyayi, shi kuma 'Yar Ganye.

Baba ya karɓe shi hannu bibbiyu, har ranar da ya nemi saurayin ya sa masa hannu a takardar kwalaben maganinsa cewa suna warkar da ciwon suga. Saurayin ya durƙusa ya ƙi. Baba ya rantse wanda ya raina sana'arsa ba zai zama surukinsa ba, ga mai buga masa takardun nan, yaro mai biyayya, shi zai ba ta. Haka muke, mun fi son mai ce mana to ko da rami muka nufa. Alhali Baban da kansa ciwon sugan yake fama da shi, ya ajiye maganin asibiti, ƙafafunsa sun fara kumbura.

Ta yi fushi, ta daina ɗaga waya. Sai saƙo ya shigo:

"'Yar Ganyena, in na yi ƙarya na same ki, mu biyu za mu rasa Baba. Kawo min shi gobe."

Da kyar ta lallaɓo shi. Makiyayi ya ajiye faranti biyu na ƙwayoyin ƙoda ƙarƙashin madubin gwaji, duka an jiƙa su da suga. A na farko ƙwayoyin sun yamutse. A na biyu, da aka ɗiga wa sinadarin ganyen Baba mai hana lalacewa, suna nan jere kamar saƙar zuma. Ita ma ta leƙa.

Baba ya daɗe bai ɗago daga kan madubin ba.

"Tsarki ya tabbata ga Allah. Wannan a jikina yake?"

"Dubbai, Baba. Ganyenka ya kare su a faranti. A jikin mutum ba mu sani ba tukuna."

"Kai dai akwai taurin kai." Ya share ido. "Wanda ya ƙi yi min ƙarya ba zai yi wa 'yata ba."

Ranar ɗaurin aure ita ta miƙa wa Baba maganinsa na asibiti da ruwa. Ya haɗiye, ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu lafiya."