Ƙyauren Ɗakin Kafinta

"Wai don Allah, maigida, yaushe ƙyauren nan zai huta?" in ji Umma, matar Kafinta.

Kafinta bai ko ɗago ba. Ya ciro ƙyauren ɗakin, ya shimfiɗa shi kan bokitai biyu a tsakar gida, 'yarsu Auta ta baje littattafanta a kai. Ɗakin nasu ɗaya ne a gidan haya, ko kujera ba ta da wurin zama, balle tebur. Shekara uku ke nan kullum da la'asar sai Umma ta sha wannan takaici: ɗaki a wangale, kajin maƙwabta a kan gado, matan gida na leƙen tukwanenta suna dariya.

Ran nan Yayarta ta zo ta tarar da abin, ta riƙe baki.

"Ba mu hana ki aurensa ba? Kika ce so! To ga so nan, ko ƙofa babu. Tattaro kayanki mu tafi, yarinyar ta koma wajena ta kama aikin shago!"

"Inna, saura sati biyu fa exam!" in ji Auta, ido taf da ƙwalla.

Umma ta kwana uku tana juya maganar, har ta fara ɗaure kaya. A rana ta huɗu aka dawo da Kafinta daga aiki, zarto ya yanke shi a hannu. La'asar na yi ya miƙe yana lalubar ƙyauren da hannu ɗaya.

"Kai dai ba ka ji! Matsa!"

Umma ta sungumi ƙyauren, sai da ƙugunta ya amsa. Ashe haka yake da nauyi? Kuma kullum Kafinta ke ɗaukarsa, bayan ya yini yana aiki!

"Me kake ganewa a karatun nan ma?" ta tambaya tana haki.

"Ko baƙi ɗaya ban sani ba," ya ce. "Shi ya sa nake so ita ta sani."

Ta ajiye ƙyauren kan bokitai, sannan ta shiga ta kwance kayanta.

Ranar da sakamako ya fito, Auta ce ta ɗaya a makarantarsu. Matan da ke dariya suka fara turo nasu 'ya'yan, ƙyaure ya cika har gefe. Umma ta gane cewa yaro ba faɗin ɗaki yake buƙata ba, iyayen da za su ɗauki nauyinsa tare yake buƙata.

Har yau tana mitar kajin. Amma la'asar na yi, ita ke fara kawo bokitai.