Fayil Ɗin Da Lia Ta Ƙi Buɗewa

"Lia, ki dube ni! Ke ce ko ba ke ba ce?"

Dario Zappala ne tsaye a ƙofar ofishinmu, ruwan sama na ɗiga daga hularsa, takalman gonarsa sun yi mana kaca-kaca da laka. Ni Noelene, shekarata ashirin da biyu a wannan ɗaki na ƙasan asibiti, ban taɓa ganin wanda ya shigo mana da ihu ba. Wa ma ya san da zamanmu? Likitoci kansu sai sun tambayi hanya.

Lia ta miƙe a hankali. Kafin ta juyo sai da ta kashe fuskar kwamfutarta. Ko a wannan halin!

"Dario, nan ba wurin shigowarka ba ne..."

"Ma'aikatan lafiya suna gonarmu tun safe. Sun hana mu shiga fadama, sun rufe masaukin ma'aikata, ayaba na can tana nuna a banza. An ce daga ɗakin nan maganar ta fito. Ranar Lahadi kin ci abinci a teburinmu, kina dariya da Mamma. Kin sani a lokacin?"

"Ba zan iya cewa komai ba."

"Saura sati uku bikinmu, Lia!"

"Na sani, masoyina."

"To ki ce a'a mana! Kalma ɗaya. Ki ce ba ke ba ce, in koma in rufe musu baki."

Hannunta ya riƙe bayan kujera gam, zoben da ya sa mata yana walƙiya.

"Ba zan iya cewa komai ba, Dario."

Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Ya gyaɗa kai, ya juya, ya bar mana ƙofa a buɗe. Yarinyar nan ta zauna, ta kunna kwamfuta, ta ci gaba da aiki hawaye na zuba a kan madannai. Ni kuwa na ɗauko tsumma ina goge laka ina zagin duk wani ɗan Zappala a zuciyata.

Aikinmu kenan da ba wanda ya sani: duk wanda aka sallama daga gado, fayil ɗinsa zai sauko wurinmu, mu karanta, mu ba kowace cuta lambarta, har da ƙwayar da ta kawo ta, bakteriya ce ko bairos. Da lambobin nan ake sanin abin da ke damun gari. Dokokinmu ba yawa, amma ba sa lanƙwasuwa. Abin da likita bai rubuta ba, ba ka sa masa lamba, ko kana ganinsa ƙuru-ƙuru a takardar gwaji. Sai dai ka tura masa tambaya. Fayil ɗin wanda ya shafe ka, ba ka taɓa shi. Abin da ka karanta kuma, a ɗakin nan yake mutuwa.

Sesilia Fonua, 'yar asalin tsibirin Tonga wadda muke kira Lia, ba a taɓa yin irinta a ɗakin nan ba. Wasu takardar sallama kawai suke karantawa su buga lamba su wuce. Ita kuwa har rubutun ma'aikatan jinya na gefen takarda sai ta bi. Ina yi mata tsiya cewa da za a ba ta takardar cefane sai ta gano wanda ke da ciwon suga a gidan.

Bayan ambaliyar da ta shanye rabin garinmu Tully, fayil ya taru mana har wuya. Wata safiyar Laraba na ga ta ware wasu fayil uku gefe. Sai ga ta a gefen teburina.

"Anti Noelene, ukun nan ba nawa ba ne. Na ga adireshin daga baya."

"Na wa ne?"

"Naki ne yanzu. Amma don Allah ki duba shafin gwaji, na ƙarshe."

Na duba. Maza uku, 'yan tsibirin Vanuatu masu aikin ayaba, duk an sallame su da "zazzaɓin bairos". Amma sakamakon jini ya iso bayan sun tafi, ya faɗa akwatin likitan wucin gadi da ya riga ya koma Brisbane. Lepto! Bakteriyar da ke cikin fitsarin ɓera, wadda ambaliya ke yaɗawa a laka. An tura mutane gida da maganin ciwon kai, alhali abin na iya cinye musu ƙoda. Adireshinsu ɗaya: masaukin ma'aikata na gonar Zappala.

"Lia, kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani. Ki tura tambayar, Anti. Kada ki jira ta bi layi, ki hau da ƙafarki."

Da gwiwoyin nan nawa na hau bene biyu. Kafin la'asar an kira mutanen an dawo da su, ɗayansu idanunsa har sun yi rawaya. Asibiti kuma ya sanar da ma'aikatan lafiya, kamar yadda doka ta ce. Ranar Lahadi kuma ta je gidan surukai ta ci taliya ba ta ce uffan ba. Abin da ta yi kawai, ta kai wa Dario sababbin dogayen takalman roba, ta roƙe shi ya daina shiga fadama da ciwo a ƙafa. Ya yi dariya ya ce ta fara mulki tun kafin a kai ta.

To wa ya kai magana gona? Bianca ce, mai zama a teburin karɓar baƙi na asibiti, 'yar maƙwabtan su Dario, wadda uwarsa Misis Zappala ta so ya aura tun suna yara. Ta ga sunayen, ta ga na hau sama, ta haɗa, ta je ta juye wa uwar Dario komai a kicin, ta ƙara da nata. Wai Lia ta kai ƙarar gonar ne don dama 'yan tsibiri junansu suke so.

Misis Concetta Zappala ba ta ɓata lokaci ba. Ta buga wa limamin cocinsu waya ta ce a ɗage biki sai yadda hali ya yi. Uwar Lia ma ta hau nata dokin.

"Ta ce in mayar musu da zobensu," in ji Lia, tana juya cokali a shayin da bai shiga bakinta ba. "Ta ce mun shirya dafa wa mutum ɗari biyu, su kuwa ko waya ba su iya yi mata ba."

"Ki bar ni in je in gaya masa ni na tura tambayar."

"In kika faɗa, kin tabbatar masa mutanensa na da fayil a nan. Sirrinsu ne, Anti, ba namu ba."

"Aurenki fa, 'yar nan!"

"Ina son sa kamar raina," ta ce. "Amma mutanen nan sun tuɓe a gaban likita ne don sun yarda ba wanda zai ji. In na sayar da su don in yi aure, da wane ido zan dube shi?"

Wallahi na girme ta da shekara talatin, amma ranar ni na ji kunya.

Kwana tara Dario bai kira ba.

A rana ta goma, wajen ƙarfe goma na safe, muka ji takun takalmi a matakala. Misis Zappala ce, gashi a hargitse, da rigar aikin gida a jikinta. Ko kallona ba ta yi ba.

"Yana sama. Tun jiya yake rawar sanyi, ya ce mura ce, yau ya kasa tsayuwa. Sun ɗebi jini, ba wanda ya gaya min komai!"

Lia ta miƙe, fuskarta ta yi fari fat.

"Dario?"

"Wa kuma? Ke kina ganin komai a na'urar nan. Buɗe ki gaya min! Ƙodarsa ce? Zai mutu ne?"

Na ga hannun Lia ya nufi madannai. Suna kawai za ta buga. Na san ba uwar kaɗai ke son sani ba, ita ma ranta ne ke kwance a saman nan. Yatsunta suka tsaya a sama. Sai ta janye hannun, ta damƙe shi da ɗayan.

"Ba zan iya ba, Misis Zappala."

"Ɗana ne!"

"Ni ma shi ne komai nawa! Amma fayil ɗinsa ba nawa ba ne. Ki zo mu hau. Zan tsaya a ƙofar likita har sai ya fito ya yi miki bayani da bakinsa."

Ta kama hannun matar da ta ɗage mata biki suka fita. Na bi su, don ba zan zauna a ba ni labari ba.

A barandar ɗakin maza muka tarar da wani dattijo mai furfura a gemu, hularsa a hannu. Kalo ne, shugaban ma'aikatan gonar, shi ya ɗauko Dario a mota. Yana ganin Misis Zappala ya matso.

"Uwar gida, ki kwantar da hankalinki. Suna jin sunan gonarmu suka sa masa ruwan magani, ba su jira komai ba. Sun riga sun san ciwon, ai a jikina suka gano shi."

"A jikinka?"

"Ni ne na fara. Sun ce min bairos ne, in je in huta. Ina kwance ina kumbura aka kira ni. Likita ya ce wani a ƙasan bene ne ya karanta takardata har ƙarshe. Da ba don shi ba, da akwati za a mayar wa matata a tsibirinmu Santo. Ban san ko wane ne ba, amma kullum ina sa shi a addu'a."

Lia ta sunkuyar da kai tana kallon tayil ɗin ƙasa. Ko motsi ba ta yi ba.

Likita ya fito ya ce an tare abin da wuri, ƙoda lafiya lau. Misis Zappala ta zube a benci tana kuka tana kiran sunayen waliyyai.

Washegari da rana aka bar su suka shiga. Dario ya rame, idanu jajir, amma yana ganin Lia ya miƙo hannun da ba a sa wa allura ba.

"Kalo ya ba ni labari. Ban tambaye ki komai ba, kin ji? Ba zan sake tambaya ba."

"Da ka sa takalman da na saya maka..."

"Na ajiye su ne don fushi. Ni wawa ne, Lia."

"Wannan kam zan iya tabbatarwa."

Ya yi dariya har ta koma tari. Ya ja hannunta ya ɗora a ƙirjinsa.

"Ki yafe min, 'yar lambobina. Kwana tara ina cewa ba ki amince da ni ba. Ashe ni ne ban san irin matar da Allah Ya ba ni ba."

Uwar tana tsaye a bakin taga duk wannan lokaci. Can ta ce wa Lia ta zo waje. Ni ina benci ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Bianca ta kawo min sunayen mutanen nan har da ciwonsu, ina jin daɗi ina ba ta kofi," in ji ta a hankali. "Jiya na zauna na yi tunani." Ta sunkuyar da kai. "Shekara biyu da suka wuce na ce wa mijina da yarana na tafi Cairns wurin ƙanwata. Kwana huɗu na yi a asibitin nan. Har yau ba wanda ya sani a gidana. Lokacin ba ki ma san Dario ba." Ta ɗago ido. "Takarduna... ta hannunki suka bi?"

Lia ta dube ta, a natse, da tausayi.

"Ba zan iya cewa komai ba, Misis Zappala."

Matar ta matso kusa da ita. Sai ta kama fuskarta da hannu biyu, ta sumbaci goshinta.

"Mamma za ki ce. Ba ni lambar wayar mahaifiyarki, ni zan kira ta da kaina. In ta zage ni, na ci."

An yi bikin a ranar da aka sa tun farko. Uwar Lia ta shimfiɗa tabarmin Tonga tun daga ƙofar coci, aka ci gasasshen alade da taliya a faranti ɗaya, Kalo da mutanensa suka yi waƙa. Bianca ta nemi canjin wurin aiki kafin a nemo ta.

Fayil ɗin Dario kuwa teburina ya sauko, ni na sa masa lamba. Litinin ɗin da amarya ta dawo aiki na ce mata cikin tsokana, "Ba za ki tambaye ni abin da na gani a fayil ɗin mijinki ba?"

Ta ajiye min kwalin kek ɗin da surukarta ta aiko, ta ja kujera.

"In na tambaya za ki faɗa, Anti?"

"A'a."

"To miƙo min na gaba."