Katunan Alhassan

A wata lakwal, wato makarantar boko, ta ƙauye kusa da Falanko, akwai wata yarinya mai suna Raishatu. Ita ke zuwa ta ɗaya a ajinsu, ga ta da iya zane. Kullum malamarsu, Madam Yagana, cikin yabonta take, har Raishatu ta ɗauka yabon nata ne ita kaɗai.

Ana nan sai aka kawo Alhassan, ɗan wani makiyayi. Ba ya son hayaniya, ba ya kallon idon mutum, maganarsa ma kaɗan ce. Likita a Damagaram ya ce yana da lalurar da ake kira otizim. In bai san abin da za a yi nan gaba ba, hankalinsa tashi yake.

Madam ta yanka kwalin sukari, ta zana hotuna: littafi, alli, buta, da ƙarfen da ake bugawa in an tashi. Ta huda katunan, ta zura su a zare. Da an gama darasi, sai Alhassan ya juya kati ɗaya, ya ga na gaba. Da haka ya zauna daram, yana karatu iri ɗaya da kowa.

"Madalla, Alhassan!" Abin da ake ji ke nan safe da rana.

Raishatu fa kishi ya hana ta sakat. Ta kai ƙara wurin innarta.

"Inna, ni na ci tara bisa goma, ba a ce mini komai ba. Shi ko daga ya juya kwali sai tafi!"

"Ke dai yi karatunki," in ji Inna. "Yabo ba tuwo ba ne da zai ƙare a tukunya."

Raishatu ta zumɓura baki.

Ranar jarrabawa ta yi sammako, ta riga kowa shiga aji. Ta ciro katunan daga ƙusar da ake rataye su, ta cusa su ƙarƙashin randar ruwa. Ta koma bencinta kamar ba ita ba.

Alhassan ya shigo, ya ga ƙusa wayam. Ya shafa bango, ya sake shafawa. Sai ya toshe kunnuwansa, ya fita da gudu, ya tsugunna gindin bishiya yana kuka. Madam ta lallashe shi, ya ƙi tashi. Dole aka fara jarrabawa ba shi.

Da hantsi mahaifinsa ya biyo ta wurin, ya tarar da ɗansa a ƙasa.

"Malama, dama na faɗa miki," ya ce a hankali. "In bai iya jarrabawa kamar sauran yara, gara in mai da shi bayan awaki. Kun yi ƙoƙari, Allah ya saka."

"Malam, ka yi haƙuri. Wallahi yaron nan ya iya. Katunansa ne suka ɓata."

Mahaifin ya kama hannun Alhassan. Raishatu tana kallo ta taga. Ita so ta yi a daina yabonsa, ba a raba shi da lakwal ba.

Ta miƙe tsaye. "Madam, ni ce. Ni na ɓoye su."

Aka ɗaga randa. Ashe randar tana tsattsafo! Katunan sun jiƙe sharkaf, hotunan duk sun goge. Raishatu ta fashe da kuka don kunya.

"Raishatu," in ji Madam, "katunan nan ba lada ba ne. Kin ga Aminu da ke sa tabarau? In kin cire masa, zai ga allo?"

"A'a, Madam."

"To haka suke wurin Alhassan. Yanzu yaya za mu yi?"

Raishatu ta share hawaye. "Na iya zana su. Na san yadda suke jere."

Ta sani mana! Wata biyu ta yi tana hararar su. Madam ta miƙo mata kwali. Ta zana littafi, alli, buta, ƙarfe. Ta kai wa Alhassan, ta ce, "Ka yi haƙuri."

Bai dube ta ba. Ya duba katunan ɗaya bayan ɗaya, ya sauya wa buta wuri, sannan ya tashi ya shiga aji. Mahaifinsa ya zauna bakin ƙofa yana jira.

Tambayoyin da aka ba kowa su aka ba shi. A lissafi ya ci goma, Raishatu ta ci takwas. Kishin ya ɗan mintsine ta, amma ita ta fara tafi.

"To, Malama," in ji mahaifin yana murmushi, "awakin sai su yi haƙuri."

Daga ranar Raishatu ta gane cewa taimakon da aka yi wa wani bai rage ta da komai ba. Duk katin da ya tsufa, ita ke zana sabo.