Minti Goma Ba Kallon Juna

Tamsin ta dire kwanon dankali a tebur har cokula suka yi tsalle.

"Dadi, tsohon wasan kwaikwayon Ingilishi ne fa, ya shekara ɗari huɗu! Kuma Malama ce ta haɗa ni da Wendell a gasar makaranta, ba ni na—"

"Ɗan gidan Prather!" in ji mahaifinta Gunnar, ko takalmin garke bai cire ba. "Ubansa ya kasa jirana mako guda in gyara shinge, sai ga sammaci. Barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe? Shi zai riƙe min hannun 'ya gaban jama'a?"

"Ai dokar gasar ma—"

"Ni ne doka a gidan nan! Ranar Asabar da kaina zan zo. Na ga abin da bai yi min ba, ke da shi har abada."

Kai, mutumin nan akwai ban haushi! Da ya bari ta kai aya, da ya ji cewa a gasar 'yan bibbiyu kafaɗa da kafaɗa ake tsayawa, ana fuskantar jama'a. Minti goma, ba taɓa juna, ba kallon juna. Wanda ya karya, an cire su. Shekara biyu tana son Wendell, kullum shi ke ba ta baki. Ta haye sama tana kukan takaici.

Ranar fainal Gunnar ya kame a kujerar gaba, ya harɗe hannu. Aka zo inda budurwa ke roƙon masoyinta kada ya tafi. Hawayen Tamsin na gaske ne, don ta san abin da za ta rasa. Wendell yana ba ta amsa, idonsa kyam a bango.

Gunnar ya muskuta. Ya yi tsaki. Can ya miƙe zumbur.

"Kai! 'Yata na kuka kana kallon bango? Dube ta mana!"

Kowa a zauren ya juyo ya dube shi. Tamsin ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. In Wendell ya juyo, an kore su. In ya ƙi, ya ƙi bin maganar uban da yake neman yardarsa. Ta ji ya ja dogon numfashi, ya ɗora daga inda ya tsaya. Bai juyo ba har suka rusuna.

Na biyu suka zo. A baranda ta tare mahaifinta.

"Haba Dadi! Da ya kalle ni da an cire mu! Dokar da ka hana ni faɗa ke nan!"

Gunnar ya cire hula, ya sosa ƙeya. Sai ga Wendell yana murza wuya.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri. Tunda nake ban taɓa son juyawa irin yau ba."

"Tsawar nan bijimi take tsayarwa," in ji Gunnar a hankali, "kai ko gezau. Ban yi maka adalci ba, yaro. Gobe in an taso coci ka zo cin abinci."

Ba a auna ɗa da mudun ubansa, kuma mai haƙuri ba ya taɓewa. Tamsin ta share ido, ta juya ta kalli Wendell son ranta, mahaifinta na tsaye bai hana ta ba.