Ranar da Aljanina Ya Koma Kwamfuta

Ni ne Kailani mai gano ɓatattu, kaf Tudun Wada ba wanda bai san ni ba. Akuya ta ɓata, zobe ya ɓata, ni ake nema. Sirrin kuwa, aljani gare ni, Auwal, tun ina saurayi muke tare. In na tambaya, sai ya raɗa min a kunnen hagu.

Ran nan gab da magariba na leƙa shagon 'yata Naja'atu, inda take buga wa ɗaliban jami'a da ke unguwar Kongo takardu, in karɓi makullin gida. Na tarar tana rubuta wasu 'yan layuka a baƙin allon kwamfuta.

Ta ce, "Baba, na haɗa maka abokin sana'a. Ka ba shi kalma, ka faɗa masa fayil ɗin da zai duba, ya zaƙulo maka duk layin da take ciki."

Na ce, "Wannan? Ko kaza ba zai gano ba."

Ta fita alwala. Aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya. Allon bai mutu ba.

Sai warin jiƙaƙƙiyar toka. Warin Auwal ke nan.

Madannai suka fara motsi. Ƙas. Ƙas. Ba hannun kowa.

Na ce a hankali, "Auwal? Me kake yi nan?"

Muryar ba ta kunnena ta zo ba. Daga cikin kwamfutar ta fito.

"Na canja ubangida, Kailani. Ni ke wahala, kai ke cika baki a majalisa."

"Haba Auwal! Goro ɗaya fa muke rabawa!"

"Bari mu nemo ka a Tudun Wada."

Bokona bai wuce sunana ba. Shi na gani a allon, layi ɗaya tal.

Sunan ya fara gogewa.

Na dubi ƙafafuna. Takalma kawai.

Na yi a'uziyya, na rarumi kujera na maka wa allon. Na arce. Sai a ƙofar masallaci na ga yatsun ƙafafuna sun dawo.

Daga ranar ko allura ban sake ganowa ba. Wannan da sauƙi. Jiya matata Larai ta ajiye tuwo a gabana, ta dubi inda nake zaune, ta ce, "Naja'atu, wai ina babanki ya shiga ne?"