Ruwan Damo

Ihu ne ya haɗa su. Duha ta kai 'yan ajinta gidan adana namun daji a Khartum, tana ta gargaɗin kada wanda ya taɓa gilashi, sai ga kububuwa ta ɗago kai daga cikin rairayi daidai fuskarta. Malama guda ta watsar da jaka, ta laɓe bayan wani saurayi mai farar riga.

"Ya ustaza, akwai gilashi tsakaninku," in ji shi yana danne dariya. "Ni ne Muntari, a nan nake aiki. Wallahi ta fi ki jin tsoro."

Kunya ta kusa kashe ta. Amma kafin wata ya zagayo, wayarta ta daina hutawa.

"Matsoraciyata, kububuwarki na gaishe ki."

"Ba na amsa tata. Taka dai na amsa."

Sai Salih ya shigo ciki, ɗan baffanta da ya daɗe yana sonta ba ta kula shi. Ya je har unguwarsu Alsawra da ke Omdurman ya shaida wa mahaifinta, Malam Zubairu, cewa saurayin nan aikinsa feɗe damo da cusa masa auduga.

A gidansu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kakan Malam ya taho daga Kano a ƙafa zai je Makka, ƙishirwa ta kusa halaka shi a hamada, ya bi sawun damo har ya kai ga ruwa. Tun daga ranar zuriyarsa ba sa kashe damo, kuma duk inda suka gan shi sai sun zuba masa ruwa.

"Gobe zan je in gani da idona," in ji Malam. "In gaskiya ne, ki cire shi daga ranki."

Duha ta sani sarai akwai busasshen damo a bakin ƙofar gidan adanar, da sunan Muntari a ƙarƙashinsa. Nan take ta rubuta masa:

"Habibi, don Allah ka ɓoye damon nan. Ina tsoron rasa ka."

"Ni ma tsoro nake ji, Duha. Amma ba zan shiga gidanku da ƙarya ba."

Washegari ita da Malam suka taso daga Omdurman, suka haye gada zuwa Khartum. A hanya, duk addu'ar da ta sani sai da ta karanta.

Suna shiga idon Malam ya faɗa kan damon. Fuskarsa ta canza.

"Aikinka ne wannan?" ya tambayi Muntari.

"Aikina ne, Baba. Mota ce ta take shi a hanyar Shandi, na tsinci gawarsa."

"Kowa ma haka zai ce."

Malam ya juya zai fita. Daidai nan wani abu ya ƙwanƙwasa kwano a tsakar gidan: damo ne mai rai, ƙafarsa ɗaya a karkace, yana ture kwanonsa da hanci.

"Gafarta mini, Baba, lokacin ruwansa ya wuce," in ji Muntari. "A tarko na cire shi. Shekara uku ke nan, in na makara haka yake yi."

Ya ɗauko buta. Malam ya daɗe yana kallonsa, sannan ya karɓi butar ya tsuguna ya zuba da kansa. Idonsa ya kawo ruwa.

"Ni da na gaji alkawarin, rabona da cika shi tun ina yaro," ya ce. "Ka turo manyanka."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure a masallacin unguwa, aka yi ta sa musu albarka. Duha na zaune da lalle har gwiwar hannu saƙo ya shigo:

"Amaryata, kububuwa na taya ki murna."

"Yau na amsa. Amma ta tsaya bayan gilashinta."