Hannun da Ke Yi Mini Allura

Yaya ya banko ƙofar falo ko sallama babu. Mijina na durƙushe gabana da auduga a hannu, allurata na kan tebur, ana jiran sanyin firij ya sake ta.

"Kai ne mai jibgar ƙanwata?"

Kafin mijina ya miƙe, Yaya ya cakumi wuyan rigarsa ya maka shi da bango. Naushi ɗaya, leɓensa ya fashe.

"Yaya ka bari! Ka tsaya ka ji!"

"Rufe min baki! Umma ta ga tabo a damtsenki, shuɗi-shuɗi!"

Na yunƙura, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zube. Laifina ne. Shekara guda ina ɓoye wa gidanmu ciwon da ke cin jijiyoyina, wanda likita ya kira MS, don kada hawan jinin Umma ya tashi. Ni na sa mijina ya rantse ba zai faɗa ba, shi kuma sarkin cika alkawari ana dukansa ya ja bakinsa ya tsuke.

Yaya ya ɗaga kujerar katako. Mijina bai kare kansa ba, hannu ya shimfiɗa a kan allurar. Kujerar ta sauka a kan hannun, na ji ƙas!

"Ka karya shi!" na kurma ihu. "Tabon allura ne! Ba ni da lafiya, Yaya! Yatsuna ba sa riƙe komai, sau uku a sati da hannun nan yake min!"

Kujerar ta suɓuce masa.

Mijina ya ɗago, jini har haɓa. "Kar ki yi kuka, rabin raina... allurar ba ta fashe ba." Ya dubi Yaya. "Wanke hannunka, kai za ka yi mata. Yau ranarta ce, ba a tsallakewa."

"Ni? Wallahi ban iya ba..."

"Za ka iya. Sai an yi mata zan tafi asibiti."

Yaya ya durƙusa ya ɗauki allurar. Haushinsa nake ji, tausayinsa na kama ni.

Mijina ya ce, "Ba nan ba, nan na yi mata shekaranjiya. Matsa sama. Tattaro fatar... a hankali, tana jin zafi."

Allurar ta shiga. Hawayen Yaya na ɗiga a hannuna.

Na danne wurin da auduga. "Gobe zai yi shuɗi, Yaya. Wannan tabon naka ne. Kai za ka yi wa Umma bayani."